Tsakar Gidan Maharazu a Faversham

Malam Maharazu mutumin Kudan ne, ta wajen Zariya. Ya zo London a 1966 don karatun aikin gona. Karatun bai ƙare ba, ya kama aikin ware wasiƙu a gidan waya. Na san shi a ƙungiyarmu ta 'yan Arewa, inda nake sakatare. Ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko a taro, a tsaye yake shan shayi, kwat ɗinsa a jiki.

Matarsa Luba ta biyo shi bayan yaƙin basasa. Suka zauna a wani flat a Catford, hawa na uku, su da 'yarsu Karimatu. A 1974 kuɗin mai ya buɗe a gida. Kowace Juma'a a masallacin Regent's Park sai ka ji wani ya tattara ya koma. Yayan Luba ya samu babban gida a Kaduna, ya aiko cewa akwai ɗaki.

A gabana ta faɗa masa. "Malam, ni ba tsuntsuwa ba ce. Shanya a bakin taga, in na ɗauki turmi maƙwabcin ƙasa ya daki silin. Ko ka samo mini tsakar gida, ko in tafi wurin Yaya."

Daga nan duk Asabar yana cikin jirgin ƙasa, yana duba gidaje. A ƙarshe ya samu a Faversham, wani tsohon gari mai kasuwa a Kent. Bungalow ne, ba bene, bai manne da gidan kowa ba, ga lambu a baya, ciyawa shimfiɗe da furanni.

Kafin ya kawo Luba sai ya ɗauki hutu, ya sa shebur ya tone ciyawar kaf, ya tumɓuke furannin. A wurinmu ciyawa a cikin gida alamar ba kowa ce. Wani tsoho maƙwabcinsa ya leƙo ta kan shinge ya tambaye shi laifin ciyawar. Maharazu ya ce macizai. Tsohon ya ce shi tun da aka haife shi bai taɓa ganin maciji a titin nan ba. Maharazu ya daddaɓe ƙasar da katako, ya share ta fes.

Suka tare a Satumba, ruwa ya sauko ya ƙi ɗaukewa. Tsakar gidan ta koma taɓo. Ya zuba yashi, ya nutse. Ya zuba tsakuwa, ita ma haka. Yana dawowa daga London ko takalmi bai cire ba sai tsakar gidan.

Wata Lahadi muka kai ziyara da Dinatu, nas 'yar Jos, maƙwabciyarsu ta Catford. Ta tsaya a bakin ƙofar baya ta riƙe ƙugu.

"Maman Karima, wannan tsakar gida ce ko fadama? Ku shuka shinkafa mana, mu zo girbi!"

Luba ta yi dariya har da hawaye. Da za mu tafi ta raka mu har tasha, hannunta cikin na Dinatu. Maharazu yana biye, yana cewa da bazara zai zuba siminti.

"Ko ka zuba, wa zai shigo ya yi sallama?" in ji Luba. "A Catford ko ba komai ina jin tarin Dinatu ta bango. Malam, ka yi ƙoƙari, Allah ya gani. Amma na aika wa Yaya ya yi mana booking ɗin jirgi."

Sun tashi a Janairu, ita da Karimatu. Ya ce yana sayar da gidan zai bi su. Masu saye kuwa in sun ga tsakar gidan sai su yi godiya su fita. Yanzu ya sake shuka ciyawa, yana jira ta rufe. Rabin mako a ɗakunan abokai yake kwana a London. Juma'ar da ta wuce ya tare ni a ƙofar masallaci, ya tambaye ni ko na san mai son gida a wajen gari. Ban gama ba shi amsa ba ya hango bas, ya bi ta da gudu.