Ranar da Muka Kai Baba Ganin Shamuwa

Mahaifina ba ya shuka sai ya ga shamuwa. Ba wai ya ji an ce ta zo ba, sai ya gan ta da idonsa. Haka ya taras mahaifinsa yana yi, kuma har na yi aure na haihu abin bai taɓa damun kowa ba, domin akwai wata tsohuwar tsamiya a ƙofar gidanmu a Dutse da shamuwa ke sheƙa a kanta duk shekara. Da bazara ta tsananta sai su sauka, su cika mana ƙofar gida da kashi da tsinkaye. Baba ya fito daga zaure ya ɗaga kai, ya yi hamdala, ya sa a gyara ƙotar sungumi. In ruwa ya sauka bayan nan, shi ke yin saran farko a gandu, sannan kowa ya bi bayansa da iri.

Sai aka yi mana jiha, Dutse ta zama babban birni. Mun yi murna, ni ma har da guɗa. Amma bayan 'yan shekaru titi ya biyo ta ƙofar gidanmu, aka sare tsamiyar da rani.

Ruwan farko na wannan shekarar ya zo kamar da bakin ƙwarya. Washegari unguwa ta watse, kowa ya yi gona, har tsofaffin da ba sa fita sallar asuba sai da sanda. Baba ya shimfiɗa buzunsa a zaure ya zauna. Irin geron yana cikin tulu a ɗakinsa, kuma ko da a tsakar gida yake, ba wanda zai taɓa gandu kafin mai gida. Da wannan geron gidan ke ci shekara, har ni da ke gidan miji ba a rasa aiko mini da dami. Danshi kuwa ba ya jiran kowa a ƙasarmu mai yashi. In ya wuce sai a jira wani ruwan, kuma ba wanda ya san ranarsa.

Ƙanena, wanda direba ne kuma a lokacin ya fara zama wajen karatun samari a sabon masallaci, shi ya fara gwada sa'arsa. Ya ce wa Baba wannan camfi ne, tsuntsu ba ya kawo ruwa.

"Yaushe na ce maka ita ke kawowa?" in ji Baba. "Allah ke kawo ruwa. Ita dai ya sanar da ita abin da bai sanar da kai ba. Na ga ruwan da ya yaudari mutane shuka ta ƙone, ban ga wanda ya yaudare ta ba."

Da na ji labari sai na yafa mayafi daga makarantar da nake koyarwa na wuce gida. Ni ce babbar 'yarsa, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka Uwata yake kirana, kuma ni kaɗai ke iya yi masa tsiwa in kwana lafiya. Na durƙusa na gaishe shi, ban ko bari ya gama amsawa ba na ce, "Baba, yara sun ce sun ga shamuwa tana shawagi a kan duwatsu tun makon jiya."

"To yaran su je su shuka."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na kawo zancen jikoki da yunwa. Ko gezau. Na koma gida raina a ɓace, na sauke fushin a kan tukwane da maigidana.

Allah ya sa a ranar maigidana yana da baƙo, wani abokinsa mutumin Haɗeja, ɗan masunta. Sana'arsa ita ce abin dariyar abokansa: da sanyi yakan ja Turawa baƙi cikin fadamu yana nuna musu tsuntsaye, su yi ta leƙe da madubin hangen nesa suna murna kamar an ba su kyautar kujerar Makka. Da maigidana ya ba shi labari sai ya aiko a ce mini in kwantar da hankalina, gobe a samo mota. Da safe ya je ya tsuguna gaban Baba ya ce, "Baba, baƙuwarka ta zo ƙasar nan, masauki ne ba ta samu a gidanka ba. Tun da ba laifinta ba ne, mu je mu gaishe ta inda ta sauka." Baba ya ce a miƙo masa takalmi da farar babbar rigarsa.

Ƙanena ya aro akori-kura. Ni da Baba muka zauna gaba, baƙon, wanda ya zama jagoranmu, ya tsaya a baya riƙe da ƙarfe, ya ce duk inda ya buga rufin motar a tsaya. Muka kama hanyar Jahun. Gonaki dama da hagu cike da mutane, mai sungumi a gaba, masu zuba iri suna take rami da diddige a baya. Duk wanda na gani sai in ji kamar da gangan yake yi don in gani.

Ba mu yi nisa ba rufi ya ɗauki ƙara. Muka fito, jagora ya nuna mana cilakowa a kan wani gawo, ya saita madubin ya miƙa wa Baba. Baba ya kara shi a ido, ya ce, "Madalla," ya mayar. Gaba kaɗan aka sake bugu, burtu ne guda biyu suna tafiyar ƙasaita a gefen wata saura. Ni da na zo da fushi sai ga ni ina ƙwace madubin daga hannun ƙanena. Ban taɓa sanin burtu yana da gashin ido ba sai ranar, dogaye kamar na amaryar da ta sha kwalli.

Bayan Jahun muka gangara wajen wata fadama ta hanyar Taura, inda ruwan ya kwanta. Balbela fari fat, zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya, dinya suna kiwo can nesa. Jagora ya ce wannan ba komai ba ne, mu zo da sanyi mu ga agwagin ruwa har ba a ganin ruwan. Baba ya tambaya ina suke yanzu. Ya ce sun koma arewa, sun ƙetare hamada da teku, sun tafi ƙasashen sanyi masu dazuka da gaɓar teku, can suke yin ƙwai. Wani Baturen da ya taɓa yi wa jagora ya gaya masa cewa a can ma a irin wannan lokacin ana ɗaukar mutane rukuni-rukuni a bi daji da bakin teku ana nuna musu tsuntsayen nan namu, kuma rana kusan ba ta faɗuwa.

"Ba ta faɗuwa?" in ji Baba. "To in azumi ya same su fa?"

Har ƙanena sai da ya yi dariya, ya ce zai tambayo malaminsu.

Muna nan tsaye jagora ya ɗaga hannu sama. "Ga su nan! Baba, ga baƙinka!" Na ɗaga kai. Shamuwa ce garke guda, suna kewaya a sama sannu a hankali ba tare da kaɗa fiffike ba, farin ƙirjinsu yana haskawa in sun juya. Na yi tsalle kamar yarinya, na kama hannun rigar Baba ina nuna masa. Ya ɗaga kai, amma gefen da babu komai yake kallo. Jagora ya ba shi madubin, ya juya masa kafaɗa, ya ɗaga masa gwiwar hannu. Baba ya daɗe yana leƙe. Can ya sauke.

"Ban gani ba," ya ce. Ya juya ya nufi mota, ya yi tuntuɓe da wani kututture da ke fili ƙarara.

Sai a lokacin na tuna ya daina karanta Alƙur'aninsa na hannu, sai dai ya yi da ka, kuma ya daina kiran mutum da suna sai mutumin ya yi magana tukuna. Cilakowar ma da ya ce madalla bai gan ta ba. Tsamiyar nan a kan hancinsa take, shi ya sa duk shekarun nan ba wanda ya gane. Da ya ga dama da ya ce ya gani, mu koma gida kowa ya huta. Amma Baba zai iya yi wa baƙo kara a kan cilakowa, ba zai yi ƙarya a kan shamuwa ba. Na ji kunya, na ji tausayi, na kuma ji haushin wanda ya sare tsamiyar nan sabo fil.

Jagora ya rataya madubinsa a wuya, ya matso ya ce mini a hankali, "Malama, kada ki ce masa komai. In ido ba ya zuwa wajen tsuntsu, tsuntsun ake kawowa." Ya dubi inda garken ke gangarawa, ya ce wa ƙanena ya juya mu bi hanyar Aujara, can za su sauka kiwo.

A bayan garin Aujara muka same su, a wata saura da ba a nome ba, suna tafiya suna tsintar fara da tsutsa. Jagora ya je ya gaishe da masu shuka a gonar kusa, ya roƙi arziki su bar gefen nan na ɗan lokaci. Da suka ji dalili sai suka ajiye sungumi gaba ɗaya, suka ce su ma sai sun ga ƙarshen wannan abu. Matsalar farko farar rigar Baba ce, jagora ya ce da ita za a hango shi tun daga Kano. Na cire ƙaramin zanen da na ɗora a kafaɗa, mai ruwan ƙasa, na lulluɓa masa. Ya ce, "Uwata, yau har zane kika ɗaura mini?" Na ce ya yi haƙuri, ba wanda zai ji a Dutse. Ƙanena ya ce shi dai bai yi alkawari ba.

Aka zaunar da shi a gindin wata sabara, iska tana busowa daga wajen tsuntsayen. Jagora ya ce kada ya motsa ko da ƙuda ya sauka masa a hanci. Ni na zauna bayansa kaɗan. Su kuma maza suka zagaya can nesa ta ɗaya gefen, suka jeru, suna tahowa taku ɗaya-ɗaya suna karkaɗa ciyawa da ƙafa. Fara ta riƙa tashi tana yowa wajenmu, shamuwa suna binta.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, na dai san ƙafata ta yi sanyi, tururuwa kuma ta sami hanya cikin zanena, ban isa in sosa ba. Suna matsowa, suna tsayawa, suna matsowa. Wata ta tsorata ta buɗe fiffike, na ce shi ke nan, sai ta sake nutsuwa. Ɗaya daga ciki, wadda ta fi sauran rashin kunya, ta biyo wata fara har gaban Baba, kusa ƙwarai, da ya miƙa sanda da ya taɓa ta. Ta cafke farar, ta haɗiye, sannan ta karkata kai ta tsaya tana kallonsa.

Na ji muryarsa ƙasa-ƙasa, ko leɓensa bai motsa sosai ba.

"Shuɗi a kumatu. Ja a gaban ido. Ita ce." Sannan ya ce mata, "Sannu da zuwa. An sare miki gida, ba da yawuna ba."

Hawaye suka zubo mini, kuma ni ce na ɓata komai, don guɗa ta ƙwace mini ban shirya ba. Garken ya tashi gaba ɗaya da ƙarar fiffike, manoman Aujara suka ɗauki kabbara da tafi, ƙanena mai cewa camfi ne ya fi kowa ɗaga murya. Baba ya miƙe da kansa, ya yaye zanen ya miƙo mini, ya tsuguna ya tona ƙasa da yatsa ya murza.

"Da sauran danshi," ya ce. "Me kuke jira? Ku ta da mota."

Ban taɓa ganin ƙanena ya yi gudu da Baba a mota bai sha faɗa ba sai ranar. Jagora yana baya yana buga rufi, ba don tsuntsu ba, don a rage gudu, ba wanda ya kula shi. Bayan la'asar muna gandu, gidan gaba ɗaya, har maigidana da bai iya riƙe sungumi ba da jagoranmu da aka ba ƙwaryar iri. Baba ya tuɓe babbar riga, ya yi bisimilla, ya ɗaga sungumi ya sara. Ni na zuba irin farko na take da diddige. Maƙwabta da suka gama tasu shukar suka shigo taya mu, ana ta tsokanarsa wai an ce sai da aka kai shi har Aujara neman izini. Ya ce ƙwarai kuwa, kuma an ba shi.

Layinsa ya karkace, na gani, kowa ma ya gani, ba wanda ya gyara. Muka bi shi a haka. Da muka kai ƙarshen layin ya tsaya ya dogara da sungumi yana haki, ya kira ni ba tare da ya juyo ba.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"In an gama noman farko, ki kai ni wajen likitan ido a Kano. Baɗi a sama nake so in gan ta."