Mai Buroshi da Allon Shagon Aski

Kafin masu shaguna su buɗe ƙofofinsu, Mai Buroshi ya riga ya share gaban rumfarsa. Yakan jera gwangwanayen fenti a kan benci, ya juya kowanne da tsinke, ya wanke buroshinsa da kananzir, ya goge a jikin wani tsohon wando da babu wanda ya san launinsa na asali. Daga nan sai ya jingina allunan jiya da bango su sha iska, ya zauna yana kurɓar shayi yana kallonsu. Sana'arsa ke nan: rubuta sunan shago a kan allo. Duk layin nan, daga mai walda har mai sayar da zare, aikin hannunsa ne a saman ƙofofinsu, amma ban taɓa jin wanda ya ɗaga kai ya tambayi wa ya yi ba.

Ni na san shi tun kansa babu furfura. Ban yi makaranta ba, ko harafi ɗaya ban sani ba, kuma ban ga abin da hakan ya rage ni da shi ba. Na yi dako, na yi gadi, gobara ta cinye min kaya na miƙe, sa'o'ina duk sun tafi ni ina nan ina tauna ƙashi da haƙorana. In na ce mutum gwani ne, to a rubuta haka.

Yadda yake aiki daban ne. In ka kawo masa allo, ba ya tambayarka launi. Sai ya ce, "Zan zo in zauna." Ya zo ya yini a shagonka yana kallon masu shiga da masu wucewa. In ya gama rubutun kuma, sai ya tsayar da ni a tsallaken titi ya ce, "Tsoho, me ake yi a shagon nan?" In na canka, a rataya. In na kasa, ya shafe ya sake. A ganinsa harafi yana da fuska, kuma fuskar ake fara gani kafin a karanta. Na mai magani sirara ne, a miƙe, babu wasa. Na mai walda masu kauri, kamar a ɗaga su da hannu biyu.

Aikinsa da duk layin ya shaida shi ne na mai aski. Mutumin ya girme shi, ya kuma daɗe yana aski a wurin, har aka buɗe wani sabon shago mai manyan madubai da kiɗa, samari suka koma can. Kujerarsa ta koma wurin gyangyaɗi. Ya yanke shawara cewa zai gwada sabon allo, in bai kawo mutane ba ya mayar wa mai ginin makullinsa. Matarsa har ta kau da kaya a kusurwar ɗaki, inda za a ajiye kujerar da madubin.

"Rubutu mai kwarjini nake so," in ji mai aski. "Irin na banki. Baƙi, a miƙe, kowane harafi ya ƙame kamar soja."

"To, Yaya. Zan zo in zauna."

"Ka zauna ka ga me? Ƙudaje?"

"Su ma zan duba su."

Ya je ya zauna. Saurayi ko ɗaya bai leƙo ba. Wanda ya fara zuwa wani magidanci ne da ɗansa a kafaɗa, yaron yana tsala ihu, an koro su daga sabon shagon don ya ƙi tsayawa. Mai aski bai taɓa kan yaron ba. Ya kunna inji ya ɗora a bayan hannunsa, ya miƙa wa yaron mataji ya ce ya taje masa gemu, ya cika kumatu yana kukan kwaɗo. Kafin yaron ya gama dariya an gama askin. Can sai ga wata tsohuwa da jikoki, su ma haka. Mai Buroshi ya ce masa ya iya da yara.

"Wannan ai ba aski ba ne, raino ne," in ji mai aski, yana kakkaɓe zane.

Da allon ya bushe aka kira ni. Haruffa ne masu tumbi, ja da ruwan ɗorawa, wannan ya jingina da wancan, ɗaya ya ɗaga ƙafa. Na farkon da tulin gashi a ka, na ƙarshen an aske shi ƙwal. Na ce, "Nan wurin yara ne, kuma abin da ake musu ba ya zafi." Na ƙara dubawa na ce aski ne. Ban taɓa daɗewa a kan allo ba, wannan kuwa ko ƙiftawa ban yi ba.

Mai aski ya zo ya tsaya a gaban allon, ya bi haruffan da kallo.

"Waɗannan haruffan sun sha wani abu ne?"

"Lafiyarsu lau, Yaya."

"Da furfurata za ka mayar da ni ɗan wasa? Samari su riƙa yi min dariya?"

"Samarin da ba sa zuwa? Irin na bankin ma na iya, kafin la'asar zan gama maka shi. Amma waɗanda za ka kira da shi sun riga sun sami wurin zuwa. Masu zuwa wurinka tsayinsu bai wuce ƙugunka ba. Ka bar wannan zuwa ƙarshen wata, in bai yi ba in jera maka sojojinka."

Matar mai aski da ta kawo masa abinci ta leƙa allon, ta nuna harafin tsakiya ta ce, "Malam, wannan mai tumbin ai kai ne." Mai aski ya harare ta, ya shige ciki. Ba a ji ya ce a'a ba, sai Mai Buroshi ya kafa allon, ba a saman ƙofa ba, a gefenta, daidai idon ƙaramin yaro.

Samarin sun yi dariyar, kuma ba su dawo ba. Mai aski ya daɗe yana shiga shagonsa da kai a kauce don kada ya haɗa ido da allon. Amma yara suka fara jan zanen uwayensu a daidai wurin. Kowane yaro sai ya shafa tumbin harafin nan kafin ya shiga, har fentin ya koɗe. Ba cincirindo aka yi ba, kada in yi ƙari. Benci dai ya riƙa cika a ƙarshen mako. Wata ya ƙare, babu wanda ya ta da zancen soja.

A bana Mai Buroshi ya ce zai ajiye aiki, domin hannunsa ya fara rawa. Mai aski na jin haka ya cire allon da kansa, ya ɗauko shi a ka har rumfa, ya ce a sabunta masa fenti.

"Yaya, hannuna ba ya miƙe layi yanzu."

"Wa ya ce maka miƙaƙƙe nake so?"

Ya yi masa. Shi ne aikinsa na ƙarshe.

Kai ne, Mai Buroshi, mai ba ƙofa fuska. Kai ne ba ka taɓa rubuta sunanka a ƙasan allo ba, ba ka kuma ba mutum abin da ya tambaya kawai don a rabu lafiya. Mun gode, Allah ya saka maka, ya hutar da hannun nan. Ku kuma masu tasowa da kuke zaɓar haruffa a na'ura, in ji jikokina akwai dubbai a ciki, kyan harafi ba shi ne zancen ba. Ku fara sanin wanda zai tsaya a gabansa, kamar yadda wannan bawan Allah ya yi.

Mai aski dai yana nan, makullinsa na cikin aljihunsa.