Uda Syafrizal da Manhajar da Ke Shaƙewa

Na Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Da hantsin Laraba, 12 ga Maris, ina ofis a birnin Padang matarka Uni Desmawati ta kira ta ce ka cika, bayan gajeriyar jinyar hawan jini. Na ajiye wayar, ko ƙarfin kuka ban samu ba.

Uda Syafrizal (a yarenmu Uda na nufin yaya namiji, Uni kuma yaya mace), shekaru muka yi tebur na jingine da tebur, muna kula da manhajar da ƙananan asibitocin lardinmu ke duba bayanan marasa lafiya da ita. Ina tuna daminar da zazzaɓin denge ya ɓarke. Rumbun bayanai ya tumbatsa, ita kuwa manhajar, da an nemi bayanin mutum ɗaya sai ta kwaso na kowa ta jibge a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta shaƙe, ta tsaya cak. Iyaye na tsaye da yara jiki rau, ma'aikatan jinya sun kasa ganin maganin da aka ba su jiya.

Na ce a ƙaro ƙwaƙwalwa. Ka ce, "Haba Rinaldi, ko tukunyar biki ka ba mai haɗama ai shaƙewa zai yi. Mu koya mata ta ɗiba kaɗan, ta gama, ta saki, sannan ta ƙaro."

Makonni ka yi kana warware aikin zare-zare, shinkafarka na hucewa cikin ganyen ayaba. Ko sau ɗaya ba ka tambayi wanda ya rubuta tsohon tsarin ba. Manhajar ta miƙe, layi ya ragu, ba wanda ya ce maka sannu. Da mahaifiyata ta kwanta ciwo a garin Bukittinggi, kai ka haɗa aikina da naka, ka ce, "Tafi, kwamfuta ba ta haife ka ba."

Kullum cewa kake bayan Sallah za ka ajiye aiki, ka koma bakin tafkin Maninjau kiwon kifi. Sallah ta zo ta wuce, ta sake zuwa. Mu ma duk mun gaji, shi ya sa muka riƙa cewa ka ƙara haƙuri kaɗan.

Ina miƙa ta'aziyya ga Uni Desmawati da 'ya'yanku da dangi baki ɗaya, Allah Ya ba su haƙuri da dangana. Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba ka hutun da mu muka kasa ba ka. Amin.