Hannun Mamuda a Tire

Mamuda mutumin Jiga Makera ne, aikinsa ɗinke bakin buhun albasa a kasuwar Aliero. Tun yana saurayi yake duƙe da basilla a hannu, har bayansa ya saba da lanƙwasa. Ba shi da gona ta kirki, kuma ba a neman shawararsa a kan komai. Abu guda ya riƙe da muhimmanci, shi ne bai iya cin abinci shi kaɗai. Ko rogo ya saya sai ya nemi wanda zai gutsura wa.

Da azahar shi da abokan aikinsa sukan haɗu a tire guda, shinkafa da wake da mai da yaji, a yanka ɗanyar albasa a kai kamar ba a san darajarta ba. Mamuda ne mai ba da labari, shi ne kuma mai tura wa na kusa da shi ɓangaren da ya fi mai. Ana suɗe hannu sai kowa ya koma ya duƙa kan buhu.

Ƙwannafi ya daɗe yana damunsa, yakan jiƙa kanwa ya sha ya ci gaba da harkarsa. Daga baya tari ya biyo, busasshe mai naci, muryarsa ta dushe, numfashinsa ya riƙa fita da ƙara kamar kukan ɗan tsako. Wata rana ya shaƙe a kan buhu har idonsa ya yi ja, sai ya hau mota zuwa asibiti a Jega.

An gwada majinarsa, ba a sami ƙwayar tarin fuka ba. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Cecilia ta zaunar da shi ta yi masa bayani. Ta ce ruwan tsamin ciki ne ke hawowa maƙogwaro idan ya cika ciki ya duƙa, yana taɓa hanyar iska, shi ya sa yake tari yana shaƙewa kamar mai ciwon fuka, wato asma. Ta ba shi magani, ta ce ya rage mai da yaji da ɗanyar albasa, ya ci kaɗan, kuma kada ya duƙa da zarar ya gama.

Ya dawo da murna, bawan Allah, ya tarar ana shirin sa hannu. Bala, babbansu a wurin aiki, ya tambaye shi, "Mi likita tac ce?"

"Ta ce ƙwannahi na ka sa ni yin kamar mai huka."

"Huka?" in ji Bala, ya janye tiren gabansa. "Tarin huka ke nan."

Mamuda ya rantse ba shi ba ne, ya ce an gwada. Amma Bala irin mutanen nan ne da in suka cafki rabin magana ba sa sakinta, don sakin zai nuna ba su sani ba. Kafin la'asar duk layin 'yan albasa ya ji. Aka ware masa kofi a bakin randa, aka ɗaura wa kofin tsumma ja. A masallaci na gefensa ya riƙa barin tazara. Abin da ya fi ban haushi, waɗanda suka fi gudunsa su ne waɗanda suka fi cin rabonsa.

Ya koma cin abinci bayan tarin buhuna, ba mai ba yaji, yana haɗiya kamar magani. Ya rame, ya daina ba da labari. Amma tarin ya tafi, numfashi ya daidaita, murya ta dawo.

Da ya ga ya kwana biyu bai yi tari ba, sai ya wanke hannu, ya zo ya tsuguna a tire, ya yi bisimilla. Ba wanda ya kore shi. Da sun kore shi ma da ya fi sauƙi. Surajo, wanda suka taso tare, shi ya fara miƙewa ya ce ya ƙoshi, alhali loma guda ya yi. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Bala ya ce, "Ci abinka, mun bam maka. In ka ƙare ka tahi da tiren gida, kak ka maido shi."

Mamuda ya dubi abincin. Ba a haife shi gidan da ake zubar da abinci ba, kuma kunya ba ta bar shi ya tashi ba. Ya sunkuyar da kai ya yi ta ci, da man da yajin da albasar, suna tsaye daga nesa suna kallo. Da ya kasa ƙarawa ya miƙe ya ɗauki basilla ya duƙa kan buhu, don mota na jiran kaya.

Bai kai ƙarshen buhun ba tarin ya turnuƙe shi, ya dafa ƙasa yana neman iska.

Bala ya juya ga sauran ya ce, "Kun dai ji da kunnenku. Da ba mu tashi ba, da yanzu da mu yac ci."