Rumfar Hajiya ta Bayan Duwan

A da, a Malanville, in ka sauko daga gadar Kogin Kwara ka wuce ofishin duwan, wato kwastan, ƙamshin soyayyar albasa ne zai nuna maka rumfar Hajiya tun idonka bai gan ta ba. Yau wurin ya zama shagon sayar da kayan waya, an shafe shi da fenti ruwan ɗorawa, ba ya ƙamshin komai. Na ci abinci a Kotonu da Lome da Yamai da Kano, na sa hannu a tire ɗaya a Jidda da mutanen da ban san harshensu ba, amma ban taɓa zama inda ake cin shinkafa da kifi ana gardama da harshe huɗu kamar can ba. Da Dandanci ake buɗe magana, Hausa ta karɓa, in rai ya fara ɓaci a koma Faransanci. Zagi kuwa sai da Zabarmanci, don Hajiya Bazabarma ce daga wajen Doso.

Ni ba ɗan jarida ba ne. Aikina fitar wa 'yan kasuwa kaya a duwan. Amma ina jin Yarbanci da Turancin Ingila, shi ya sa 'yan jaridan da ke cin abinci a rumfar suka ba ni gurbi a teburinsu na ƙurya, in direba ya zo daga Legas ko Akra in yi musu tafinta. Wannan tun lokacin da aka fara zaɓe a ƙasar nan ne, bakin mutane ya buɗe, jaridu suka yi ta fitowa a kudu. Su uku ne: wani dogo mai aika rahoto Kotonu ta waya, da mai ɗaukar hoto, da wani Bagobiri mai karanta labarai a radiyo da Hausa da Dandanci. Ba sa yawon neman labari. Direbobin kamyo, manyan motocin kaya, a nan suke ci, na kudu ya zo da na tashar jirgin ruwa, na ƙetaren kogi ya zo da na Yamai. Bagobirin yana da doka: ba ya faɗin abu a radiyo sai ya ji shi daga baki biyu da ba su ci a kwano ɗaya ba.

Tsakanin Bagobiri da Bazabarme akwai wasa tun kakanni, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, kuma ba a fushi. Da ya sako ƙafa za ka ji Hajiya daga bayan tukwane tana cewa a ɓoye cokula, bawanta ya iso. Shi kuma ya ɗaga murya ya ce baiwa ta yi maza ta kawo abincin ubangidanta. Baƙi sukan tsaya da loma a hannu suna jiran faɗa. Shekara da shekaru ban ji ta gaishe shi gaisuwar arziki ko sau ɗaya ba.

Dogon ya rasu. Bagobirin kuma ido ya fara barinsa, har ya bar radiyo. Amma kullum da hantsi zai ɗauki sanda ya bi jikin katangar duwan, 'yan kabu-kabu suna kauce masa, har ya shigo. A gidan ɗan ƙanensa inda yake zaune, kunu da tuwo mai laushi ake kai masa ɗaki kamar majinyaci. A rumfar Hajiya kaɗai yake zama cikin maza ya ci kifi da hannunsa, yana gyara wa direbobi labari, babu mai tuna cewa ba ya gani. Ban san yadda ake yi ba sai ranar da na zaga baya wanke hannu. Na tarar da ita zaune a kan turmi, ta sa tabarau, tana tsince ƙayar kifinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta haɗa shi ta kwantar bisa shinkafa kamar ba a taɓa ba. Ta harare ni ta ce in na faɗa wa wani, barkono za ta zuba mini a ido in je in yi wa bawanta jagora.

Sai aka rufe gada. Kamyo suka yi layi suka gaji suka juya. Tukwanen Hajiya suka ragu har saura ɗaya, ga gwiwa ta hana ta tsayuwa, ɗiyarta kuma ta matsa mata ta koma wurinta Paraku. Ni da mai hoto ta fara gaya wa, ta roƙe mu mu sanar da Bagobirin cewa za ta rufe rumfar, ita ba za ta iya ba.

Mu ma muka kasa. Mai hoton nan ya taɓa ɗaukar hoton gawarwakin da aka tsamo daga kogi bayan kwalekwale ya kife, amma ya ce wannan bakinsa ya yi masa nauyi. A Kotonu na ga ana faɗa wa mutum mummunan labari kai tsaye, a tsaya ya yi kukansa. Mu nan sai mu ce jiki ya yi tsanani, alhali an riga an yi wa mutum wanka. To na rasuwa ke nan, kowa ya san hanyarsa. Na rufe wuri ba mu gaji yadda ake faɗinsa ba. Muka yi ta kewaye, muna cewa kasuwa ta mutu, gari ya yi shiru. Shi kuma ya ce mu kwantar da hankali, ya ga an rufe gadar nan ya ga an buɗe.

Ranar da abin ya fito, ya shigo kamar kullum ya kira baiwarsa. Ba a amsa daga bayan tukwane ba. Hajiya ta fito da kwanon da kanta, tana jan ƙafa, ta ajiye a gabansa.

"Malam, barka da isowa," in ji ta. "Ga abinci."

Hannunsa ya tsaya a kan marfin kwanon.

"Wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu, Malam. Ni ce za ni tahi Paraku wurin ɗiyata. In kasuwa mai zuwa ta tashi, ba ni ƙara ɗora tukunya."

Ya juyo da fuskarsa inda ya san ina zaune, ya tambaye ni ko ni ma na ji wanga labari. Na ce na ji. Ya gyaɗa kai, ya yi bisimilla, ya ci loma biyu. Hajiya na tsaye ta dafa tebur.

"To wa za ya riƙa cire mini ƙaya?" ya ce.

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga ciki muka ji ta ce, "Ashe ka sani, mugun bawa."

"Makaho nike, ba wawa ba. A ina kika taɓa ganin kifin Kwara marar ƙaya?"

Muka yi dariya dukanmu, mai hoto ya tashi ya fita waje bai dawo ba sai da aka kwashe kwanoni.

Bayan ta tafi mun gwada wani wuri kusa da tasha. Akwai talabijin, akwai fanka, matasa kowa ya sunkuya kan wayarsa, babu mai tambayar direba abin da ya baro a hanya. Yarinyar da ke kawo abinci ta kira shi Baba, ta rusuna, ta ajiye kifi. Na jawo kwanon a hankali na fara tsince masa. Ya laluba ya riƙe hannuna.

"Bari, Alhaji. Kai tausayi ne ka ji."

Gaskiya ya faɗa. Na Hajiya da zagi yake zuwa, mutum ya karɓa ya rama, babu wanda ya rage wa wani daraja. Nawa ba shi da abin ramawa. Ya ce a ɗauke kifin a ba shi shinkafa da miya kawai, ita ma bai cinye ba. Washegari bai fito ba.

Ina zuwa duba shi a zauren ɗan ƙanen nasa. Mutanen gidan na kula da shi, kowa na girmama shi, in ya yi magana a ce to Baba. Yakan tambaye ni labarin gari, in faɗa masa, ba ya ƙara tambayar wa ya gaya mini. Tun da aka rufe rumfar nan bai sake cin abinci a gaban mutane ba, kuma babu sauran mai zaginsa a Malanville.