Lemun Tsamin da Ya Zama Tsaraba

Mun tashi da asuba daga Gumel, ni da ɗalibaina mata uku, ƙasa a jiƙe da ruwan da aka kwana ana yi. Kano muka nufa, gasar kimiyyar da ake rufe sansanin hutun ɗalibai da ita, wadda bana aka tsara a kan wutar lantarki. Kayan aikinmu ba yawa: jar waya, ƙusoshin kwano, ɗan ƙwan tocila, sai ƙaramin buhu na lemun tsami. Da lemon nan za mu kunna ƙwan a gaban alƙalai.

Lemon daga lambun mahaifin babbar cikinsu ya fito, shi ya tsinko da hannunsa. Mutumin kirki ne, sai dai duk wannan haɗe-haɗen waya wasan yara ya ɗauke shi. A tasha ya gaya wa 'yarsa a gabana cewa in lemonsa ya kunna wuta a gaban mutanen Kano, ta ci gaba da ajin kimiyya. In kuwa bai kunna ba, ga shagon ɗinkin goggonta yana jiranta. Shi ya sa har muka isa buhun yana kan cinyarta, ta hana a sa shi a but.

Kuɗin mota ya ƙaru tun zuwana na ƙarshe, direba kuma ya ce in yi ƙorafina a gidan mai. Amma hanya ta yi kyau, gero ya miƙe hagu da dama, ko'ina kore shar. A Gujungu muka sayi ƙosai mai zafi a leda, yaran suna ci suna maimaita bayanin da za su yi, har wani dattijo a bayanmu ya haddace shi. Muna shiga Yankaba cunkoso ya riƙe mu, ƙaramarsu ta liƙa fuska a gilashi tana kallon gari, don wannan ne zuwanta Kano na farko.

Masauƙinmu a Soron Ɗinki yake, gidan Hajiya, mahaifiyar wata ƙawata. Adaidaita ta sauke mu a bakin lungu, muka taka a ƙasa, soro bayan soro, ga ƙamshin girki daga kowace ƙofa. Mun makara, saboda haka muna gama gaisuwa muka jibge kaya a bakin ɗakinta, muka garzaya makarantar da ake taron, kusa da Ƙofar Ɗan Agundi. Sai bayan azahar za a fara gasar.

Wurin ya burge ni ƙwarai. Wasu sun haɗa fanka mai aiki da hasken rana, wasu sun mayar da tsohon keke injin cajin waya. Wata malama tana nuna wa ƙanana dalilin da ba a taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu. Yarana sai zare ido suke, ni ma bakina a buɗe.

Da rana muka koma ɗauko lemo. Tun daga soro ƙamshinsa ya tare mu. Ga Hajiya a tsakar gida da kwano cike da ruwan lemo, ɓawo tuli a gefe.

"Malama, irin wannan tsaraba haka? Allah ya yi albarka! Na aika wa maƙwabta rabi, sauran ga shi zan haɗa mana zoɓo."

Ku gaya mini, da wane baki baƙo zai ce a mayar masa da tsaraba? Na tsaya ina murmushin dole. 'Yar mai lambu kuwa ta durƙusa a gaban ɓawon, hawaye na zuba. A nan Hajiya ta gane akwai magana, na yi mata bayani, ta dafe ƙirji tana salati. Ga lokaci ya ƙure, ga ruwan sama ya sauko. Ina laluben lema in fita nema ko a dace, sai yarinyar ta share ido ta dubi kwanon.

"Hajiya, an zuba ruwa a ciki?"

"Ko ɗigo, 'yar nan."

"To, Malama, ai ruwan cikin ne ke aikin, ba ɓawon ba."

Kofuna ta nema, ta ce na ƙarfe ba za su yi ba. Hajiya ta buɗe kabet ta fito da ƙananan kofunanta na gilashi, waɗanda ƙawata ta taɓa ce mini ko da Sallah kallonsu kawai ake yi. Ta zura hijabi ta ce ƙafarta ƙafarmu.

A ɗakin gasa yaran suka jera kofunan, suka tsiyaya ruwan, kowane kofi ƙusa ɗaya da jar waya ɗaya, aka sarƙa wannan da wancan. 'Yar mai lambu ce ta haɗa wayar ƙarshe. Ƙwan ya kawo, ja, ɗan mitsitsi, amma wallahi ban taɓa murnar ganin wuta irin ta ranar ba. Ina ɗaukar bidiyo ina ihu. Hajiya kuwa ta juya tana gaya wa na kusa da ita cewa ita ta matse. Na uku muka zo, masu keken nan suka yi na ɗaya, kuma sun cancanta.

Washegari muka bi ta Ƙofar Wambai, yaran suka sayi takalma, muka kama hanyar gida. Mahaifin yana tasha yana jira. Na miƙa masa wayata, ya kalla, ya sake kalla, ya tambaya ina lemonsa, shi kofuna yake gani. Da muka ba shi labari ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya dubi 'yarsa.

"Baɗi buhu biyu za ki tafi da shi. Ɗaya na Hajiya, ɗaya na wutar."

Tafiyar nan ta koya mini kada in ƙara shiga gidan mutane hannu rabbana in ajiye buhu a bakin ƙofa. Ta kuma nuna mini cewa yarinyar nan ba haddar darasi ta yi ba, ta gane shi. Ranar da aka koma makaranta, na same ta a ajin kimiyya, a layin gaba.