Ƙwan Kwaɗo a Gonar Tumatir

Ranin da autana ya koma Kano da zama, ni kaɗai nake ban ruwa a gonarmu ta Bunkure. Wata safiya na tarar da ƙwan kwaɗo a wani gurbi ƙarshen kunya, baƙaƙe a jere kamar carbi. Ruwa kuwa sai ranar layinmu ake sako mana, kafin nan gurbin ya ƙafe. Sai na riƙa ɗebowa daga babban kanal ina zuba musu kullum. Suka ƙyanƙyashe, talibambam fal, har hira nake yi musu. Bayan 'yan makonni na zo da bokitina, ban tarar da ko ɗaya ba. Su ma da suka yi ƙafa, tafiya suka yi.